Yadda Na Gyara Wa Mai Raguna Magana

Ubana bai taɓa zama a ajin boko ba, amma shi ya koya mini aikin da na ci abinci da shi shekara ashirin da wani abu. A Salaga shi ne mai isar da magana a zauren sarkin zango, wato sarkin unguwar Hausawa. Idan aka kawo ƙara, ba a yi wa sarki magana kai tsaye, ko da yana jin Hausar mai ƙarar sarai. Ubana za a faɗa wa, shi kuma ya juya ya faɗa wa sarki. Wata rana wata mai sayar da doya ta shigo tana huci, ta ce makiyayin da ke kusa da gonarta ɓarawo ne, ɗan banza, shanunsa sun tattake mata rabin gona, kuma in sarki ba zai iya ba ita ta san abin da za ta yi. Ubana ya bari ta gama, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, baiwar Allah tana gaisuwa. Ta ce shanun maƙwabcinta sun yi ɓatan hanya sun bi ta gonarta, tana roƙon a duba mata." Kafin azahar an sasanta su.

A gida yakan ce mini mutum idan ransa ya ɓaci ko tsoro ya kama shi, bakinsa yana zubar da abin da gobe zai ji kunyarsa, kuma aikin mai isar da magana shi ne ya rufa masa asiri. Ka tsinci abin da yake nufi, ka wanke, ka miƙa wa babba. Da wannan na tashi, ban taɓa jin wani ya ce kuskure ne ba.

Da na yi aure na koma Yendi. Ina da Hausa ta gida, ina da Gonjanci na Salaga, na tsinci Dagbanci a kasuwa, ga Turancin makaranta, sai na samu aikin tafinta a kotu. Ba zan ɓoye ba, ina da ji da kai a kan aikin nan. Ana son a haɗa shari'a da ni, domin a hannuna magana ba ta jan lokaci. Tsoho zai yi minti biyar yana kewaye-kewaye, ya faro daga kakansa, ni in dunƙule shi a jimla biyu, kowa ya huta. Sababbin tafintoci masu bin magana kalma bayan kalma haushi suke ba ni. Nakan ce musu, in haka ne aikin, ai sai a ɗauko aku a ba shi albashi.

Wata ranar Litinin aka shigo da wani mutum dogo, zai yi shekara arba'in, jallabiyarsa a yage ta kafaɗa, takalmi a ƙafa ɗaya. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce ranar kasuwa ya shiga wurin dabbobi ya kwance raguna bakwai na mutane, ya kora su ya nufi bayan gari. Masu ragunan suka cim masa, suka ɗan taɓa shi, suka karɓi abinsu cif. Ba ya jin Dagbanci, ba ya jin Turanci, abin da aka iya samu daga bakinsa shi ne daga Bawku yake. Aka kira ni.

Mai shari'ar dattijuwa ce, mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta ce in karanta masa laifin da ake tuhumarsa da shi, in tambaye shi ko ya gane. Na yi. Ya dube ni da idanu jajaye, ya fara magana da irin Hausar Bawku da ba ruwanta da mace ko namiji:

"Ragunan ne ya fara gaishe ni. Sun ce sun riga sun biya a kan iyaka, me ya sa igiya? Akwai kogi a ƙarƙashin kasuwa, kai ma kana jin sa, kar ka yi ƙarya. Yayana mai fura yana bayan kasuwar dabbobi, kusa da injin niƙa, ƙofa shuɗi. Haƙorina yana kama rediyo. Na kai su su sha ruwa kafin kogin ya tashi. Ba ni na ce ba, an aiko ni."

Ya ci gaba a haka, ya fi minti uku. Da ya yi shiru na juya na ce da Turanci, "Ranki ya daɗe, ya ce ya gane. Ya ce ya ga dabbobin suna jin ƙishi ne ya kai su shan ruwa, ba da niyyar sata ba."

Ta leƙo ni ta saman tabarau. Ta ce, "Shi ke nan? Ya daɗe yana magana." Na ce sauran gaisuwa ce da kewaye irin na mutanenmu. Ta sake duban mutumin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta tambaye ni, "Kai da kake jin harshensa, lafiyarsa ƙalau? Yana bin abin da ake yi?" Na ce ƙalau, yana bi.

Na sha gaya wa kaina cewa ƙarancin Hausarsa ne ya ruɗe ni. Ƙarya ce. Na sani sarai cewa mutumin nan kansa ba daidai yake ba. Abin da na gani shi ne Musulmi baƙo, a garin da ba shi da kowa, ga benci cike da 'yan kallo, in na maimaita zancen haƙori da rediyo za a kwashe da dariya, a laƙaba masa sunan mahaukaci, sunan da ba ya goguwa. Na ce a raina ragunan sun koma hannun masu su, ƙaramar shari'a ce, sati biyu ya fita da mutuncinsa. Aka ba shi beli in an samu mutum biyu masu tsaya masa. Wa zai tsaya? Aka wuce da shi gidan yari ya jira ranar da za a ci gaba. Ni kuwa na koma gida na ci tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, har ina ba matata labarin yadda na rufa wa wani bawan Allah asiri.

Sati biyu ya zama wata. Masu ragunan suka sayar da ragunansu da babbar salla, suka daina zuwa, ana ta ɗage shari'ar ana jiransu. Duk zuwan da za a kawo shi sai na ga ya ƙara ramewa, maganarsa ta ragu. Zuwa na huɗu bai ce komai ba, yana kallon fanka kawai. Na ji ba daɗi, amma akwai shari'o'i goma sha a bayansa, kuma ina da 'ya'ya a makaranta da nasu matsalolin. Na bar abin a gefen zuciya.

Wata shida da shigarsa aka aiko a kira ni gidan yarin. Babban gandiroban ne da kansa ya damu. Ya ce mutumin ba ya barci, ba ya taɓa abinci sai an zauna a kansa, yana hira da bango, har sun ware masa ɗaki shi kaɗai don 'yan ɗakinsu sun gaji. Ya ce su aikinsu tsaro ne, ba su san magani ba, shi ya sa ya nemi nas mai kula da masu taɓin hankali ta zo ta duba shi. Na same ta a ƙaramin ofis, ta ajiye hular babur a kan tebur. Badagomba ce, 'yar asalin garin, sa'ar 'yata ta fari, Hausarta ta cinikin kasuwa ce kawai.

Aka shigo da shi. Wallahi da a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Ta ce in tambaye shi yaya barci. Na tambaya. Ya yi magana mai tsawo a hankali, kansa a sunkuye. Na ce, "Ya ce ba ya samun barci sosai."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, na ji rago sau uku, na ji kogi, na ji rediyo. Ina suka tafi?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Yarinya, tun kafin a yaye ki nake wannan aiki. Na ba ki abin da yake nufi, sauran shirme ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shirmen nake so. Ni ba abin da yake nufi na zo nema ba, yadda maganar take fita shi ne ciwon. In aka ce ka kawo fitsari a gwada, sai ka tace shi tukuna?"

Gandiroban da ke tsaye a ƙofa ya juya baya yana tari. Na so in tashi in tafi, amma ban tashi ba. Na ce to. Muka sake daga farko, na bi shi kalma bayan kalma, irin aikin akun da nake zagi. Inda ya yanke jimla a tsakiya na yanke, inda ya tsallaka daga kogi zuwa kan iyaka na tsallaka. Gumi ya jiƙa mini riga. Ita kuwa ta cika shafi uku.

Da aka fita da shi ta yi mini bayani. Ta ce doka ta ba kotu dama, idan wanda ake tuhuma ba ya cikin hankalinsa, ta tura shi asibitin masu taɓin hankali, inda akwai sashe mai tsaro na waɗanda kotu ta aiko. A kulle suke, amma likita ne a kansu, ana ba su magani har su dawo hayyacinsu, sannan a ga abin da za a yi da shari'ar. Ta ce ana bukatar rahoton likita, da ɗan'uwa wanda ya san tarihin ciwon, kuma kotu ta ji da kunnenta. Sai ta ƙara, tana ɗaura hular babur, ba tare da ta san abin da take taɓawa ba: "Abin mamaki, da kotu ta ji wannan maganar ranar farko, da wuya a ce an kawo shi nan."

Ta ce matsalar ita ce ba a san danginsa ba. Na karɓi takardunta na duba abin da ni kaina na faɗa mata. Ga shi nan har sau biyu: yaya mai fura, bayan kasuwar dabbobi, kusa da injin niƙa, shuɗiyar ƙofa. Tun ranar farko mutumin nan yake gaya mini gidansu, ni kuma ina zubarwa tare da kogi da rediyo.

Ranar Asabar na kama hanya. Daga Yendi zuwa Bawku wuni guda ne, ka sauka a wannan tasha ka hau wata motar, a Walewale muka tsaya na yi salla na sayi ƙwai dafaffe ban iya ci ba. Na isa da la'asar. Injin niƙa uku ne a bayan kasuwar dabbobi, amma shuɗiyar ƙofa ɗaya ce. Na yi sallama, wata mata ta fito tana goge hannu da zane, garin gero har gwiwar hannu, za ta yi shekara hamsin. Na ce, "Hajiya, kina da ƙani dogo mai bin 'yan kasuwa da dabbobi?" Ta dafa bango. Ta ce, "Gawarsa aka gani?" Na ce yana raye. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da mayafi.

Da ta natsu ta kawo mini ruwa da fura, ta ba ni labari. Ciwon ya daɗe, tun yana saurayi. Amma yana shan magani daga asibiti, kuma in yana sha ba mai cewa yana da wani abu, shekara da shekaru yana kora wa 'yan kasuwa dabbobi ba a taɓa rasa ko akuya ba. Wannan tafiyar ce ta yi tsawo, maganin ya ƙare a hanya, abokan tafiya suka farka ba su gan shi ba. Sun nema har ƙetaren iyaka. Ta shiga ɗaki ta fito da katin asibitinsa a naɗe cikin leda uku. Ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah ne ya jefo ni, ta ce irina sun yi ƙaranci a duniya. Na sunkuyar da kai ina amin. Ban gaya mata komai ba.

Likita ya zo gidan yari ya duba mutumin ya rubuta nasa rahoton. Ranar da aka koma kotu yayar ta zo, ta zauna a benci na gaba da ƙwaryar fura a cinya. Kafin a fara na nemi izini na gaya wa mai shari'a cewa fassarar da na yi ranar farko ba cikakkiya ba ce. Ta rubuta. Aka shigo da shi. Da ya ga yayarsa sai bakinsa ya buɗe, ya fara zuba, raguna da kogi da masu aiko shi, har da wasu sababbi. Na juya na faɗa da Turanci, duka, da ƙarfi yadda na baya zai ji. Da na zo kan haƙorin da ke kama rediyo aka yi dariyar da na guje wa wata shida da suka wuce. Mai shari'a ta buga tebur aka yi tsit. Ji na yi kamar ina tuɓe wa mutum riga a tsakiyar kasuwa, amma ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ta karanta rahoton, ta juya katin asibitin gaba da baya, ta yi wa yayar tambayoyi ta bakina. Sannan ta ba da umarni a kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke kudu, a tsare shi a can a yi masa magani har likitoci su aiko da bayani. Da ta gama ta cire tabarau ta dube ni. A hankali ta yi maganar, da Turanci. Ta ce, "Na tambaye ka ranar nan. Na ga abin da na gani, amma kai ne kunnena, na yarda da kai. Wata shidan nan da ya yi ba magani, ni da kai za mu raba shi." Ba ta kore ni ba. Da ta kore ni ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana tara aka samu gado aka tafi da shi. Nas ɗin ta riƙa ba ni labarinsa in mun haɗu. Ya fara cin abinci, ya fara barci, daga baya har shi ke jan salla a sashensu. Da likitoci suka rubuto, ba mai ƙara da ya rage, aka sallame shi ya koma Bawku. An ce yanzu yana taya yayarsa kai gero niƙa, ba ya tafiya mai nisa. Na yi farin ciki da wannan, farin ciki na gaske.

Amma a ranar kotun, da aka tashi, an bar yayar ta zauna da shi a barandar baya kafin motar gidan yari ta zo. Ta dama masa fura da hannunta, ya karɓa ya shanye, gandiroba yana kallo yana girgiza kai don murna. Ina tsaye can gefe sai ta taso ta same ni. Ta ce, "Malam, me mai shari'a ta ce maka a ƙarshe? Na ga fuskarka ta canja. Ko saboda mu ta yi maka faɗa? In haka ne in shiga in roƙe ta."

Ba mai jin Hausa da Turanci a barandar nan sai ni. Na gaya mata. Na ce ni ne tafinta ranar farko, ƙaninta ya faɗi duk abin da ya faɗa yau har da kwatancen gidanta, mai shari'a ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau, na ce ƙalau. Na ce na yi ne don kada a yi masa dariya.

Ta ce, "Wato da ka faɗa, da tun a satin nan an zo an same mu."

Na ce haka ne.

Ta waiwaya ta tabbatar ƙanin ba ya ji, ta rage murya. Ta ce, "Ban gaya maka a Bawku ba don kada ta kai kunnensa yanzu. Innarmu ta rasu wata biyu da suka wuce. Kullum sai ta sa an fitar da ita ƙofar gida ta zauna. Daga ƙarshe ta ce mu daina yaudararta, ta san ya mutu a daji ba wanda ya yi masa sutura. A kan haka ta tafi."

Na ce, "Hajiya, don Allah ki yafe mini."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ni ka kawo mini ƙanina, Malam, ba ni da abin riƙe ka da shi. Wadda za ka roƙa tana ƙasa." Ta gyara mayafinta ta koma ta zauna kusa da shi, ta karɓi ƙwaryar ta sake zuba masa.